Ga masu cewa in ba likita ba sai rijiya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na raka ɗan yayata cibiyar rajistar JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a, kuma a kan bencin da muke jiran layi na tarar da wani yaro ɗan unguwarmu wanda na san mahaifinsa tun muna samari. Yana riƙe da wata tsohuwar jakar leda mai cike da takardu, a ciki har da sakamakon jarrabawa guda uku da ya zauna a shekaru uku a jere, mafi girmansu maki 221. Wannan shi ne zuwansa na huɗu, kuma da layi ya kawo kansa sai na ji ya faɗa wa mai kwamfuta abin da ya saba faɗa, wato karatun likita, a jami'ar nan guda da ya kafa wa ƙahon zuƙa. Da ya fito na ja shi gefe na tambaye shi gurabe nawa wannan jami'a take da su, a kan maki nawa aka tsaya bara, kuma nawa ne kuɗin rajistar shekara. Ko ɗaya bai sani ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai Allah ne ke yi." Mahaifinsa tela ne, kuma na san da guminsa ake sayen fom ɗin nan duk shekara.

Ƙannena da 'ya'yana, babu mai musun cewa Allah ne ke yi, kuma ba na cikin masu kashe wa yaro gwiwa, domin ƙasar nan tana da ƙishirwar likitoci, arewa ta fi kowa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum ya ƙi yin lissafi da gangan, ya rufe idonsa daga makinsa da aljihun ubansa, sannan ya kira wannan taurin kai tawakkali. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

JAMB maki 400 ce, kuma mai neman likita zai zauna Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. A shekarar 2024 kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka fitar wa sakamako ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa dubu takwas ne da 'yan kai a duk faɗin Najeriya. Waɗannan zakarun da na kusa da su su ne ke cincirindo a ƙofar sashen likita na ABU Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Gurabun kuma ba jami'a ce ke yanka su yadda ta ga dama ba, hukumar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da asibitin koyarwarta. A jami'o'in tarayya ana raba ɗauka ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Ma'ana, makin da zai shigar da wani a wata jami'a ba zai kai shi ko bakin ƙofa a wata ba, kuma yaron da ya san haka zai zaɓi inda jiharsa ke da rabo. Duk wannan bayani yana nan a wayar da ke hannunku, wayar da kuke kwana kuna kallon raye-raye a TikTok da ita, amma a rasa mai ɓata rabin awa ya bincika abin da rayuwarsa ta rataya a kai.

Na san wanda aka bai wa gurbin harhaɗa magunguna ya ƙi karɓa, na san wadda aka bai wa aikin jinya ta ce ita ba za ta zama mai ɗaukar tasa ba, na san wanda aka tura kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ya ce an raina shi. Dukkansu sun saki reshe sun kama ganye, kuma a yau abokan karatunsu da suka karɓi abin da ya samu sun gama har sun yi hidimar ƙasa, su kuwa suna nan suna sayen fom. Ban ce kada mutum ya sake gwadawa ba. Wanda ya ci 270 ya faɗi da ƙyar, in ya sake zama yana da hujja. Amma wanda shekara uku makinsa na yawo tsakanin 190 da 220, bai canza malami ba, bai canza yadda yake karatu ba, bai ma san darasin da ke ja masa baya ba, me yake jira ya canza a karo na huɗu? Balle waɗanda suka samo kiredit biyar ɗinsu a makarantun nan da ake rubuta wa ɗalibai amsa a kan allo, waɗanda takardarsu ke cewa sun ƙware a Kemistiri alhali ba su iya daidaita lissafin sinadari guda ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ko an kutsa an shiga, a jami'o'i da dama ajin farko rariya ce, daga nan ake sallamar mutum zuwa wani sashe in bai kai ba.

Rashin lissafin ya fi muni idan aka zo maganar kuɗi. Karatun likita shekara shida ne in ba a yi yajin aiki ba, kuma kun ga na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 wata takwas ya ci. Bayan nan akwai shekarar horo a asibiti, sannan hidimar ƙasa. A duk tsawon wannan lokaci akwai rajista da ɗaki da abinci da littattafai masu nauyi da tsada, ga shi karatun ba ya barin mutum ya yi wata sana'a a gefe. Lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 ya rage wa ɗaliban makarantun gwamnati zafi, amma bai shafi jami'o'in kuɗi ba, inda ake maganar miliyoyi duk shekara, kuma bai shafi ƙasar waje ba. Sai ka ga yaro da ya gaza a gida ya tsaya wa mahaifinsa a wuya sai an kai shi waje, a sayar da gona, a sayar da fili, uwa ta fitar da gwalagwalanta, a haɗa kuɗin shekarar farko kawai a ce sauran Allah zai kawo. Waɗanda suka yi haka a farkon 2023 sun yi lissafi ne dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗaliban da ke Yukiren sun gudo saboda yaƙi a 2022, waɗanda ke Sudan kuma yaƙin Afrilun 2023 ya koro su a motoci zuwa iyakar Masar, wasu suna ajin ƙarshe. Wannan ƙaddara ce, ba laifinsu ba, amma ya kamata na baya ya sa ta a ma'auni. Kuma wanda ya gama lafiya ya dawo, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci, duk zama kuwa akwai masu faɗuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ban ga albarkar digirin da zai bar ƙanne biyar a gida babu kuɗin sakandare ba.

In aka bi diddigi, da yawa ba aikin suke so ba, sunan suke so. Su ne za ka ga tun ba su sami gurbi ba sun ari farar riga sun rataya abin sauraren ƙirji a wuya sun ɗauki hoto, sun sa Dakta a gaban sunansu a Facebook. Ba su taɓa kwana jinyar ko kakarsu ba, ba su san warin ɗakin haɗari da ƙarfe biyun dare ba. Iyaye ma suna da nasu kason, musamman masu son a ce da su baban likita a wurin ɗaurin aure, waɗanda tun yaro yana firamare suka laƙaba masa Dakta, har ya girma yana jin kunyar ya ce lissafi ko noma ya fi so.

A zamaninmu yaro ba ya cike fom sai ya kai wa malaminsa ya duba, malamin kuma ba ya jin nauyin ya ce masa, "Wannan ya fi ƙarfinka, ga inda za ka yi fice." Mukan ji zafi mu kwana biyu muna fushi, daga baya mu bi. Yanzu malamin da ya faɗi haka sunansa ɗan baƙin ciki, kuma kafin yamma uwar yaron ta iso makaranta da mayafi a kafaɗa. Shawara ta koma hannun mai shagon kwamfuta, wanda shi kuɗin aikinsa kawai ya sani. Ni dai roƙona ku zauna da iyayenku da wanda ya san harkar, ku faɗa wa juna gaskiya kafin a danna komai.

Yaron nan na unguwarmu na ce ya same ni a gida da sakamakon nasa mu duba tare, domin JAMB tana ba da damar canza kwas da jami'a ko bayan an yi rajista. Ya ce to, Baba, in sha Allahu. Yau kwana biyar ke nan ban gan shi ba, sai jiya da na bi ta shagon mahaifinsa na tarar da shi a kan keken ɗinki yana gaya wa wani mai kawo ɗinki cewa bana Dakta zai shiga.