Gwangwanin Oga Mai Gano Yoyo

(A gareji. Motar Alhaji Maƙo na tsaye a kunne, bonet a buɗe, inji na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Oga ya kafa kunne. Yaronsa Gajere na riƙe da sifana, ba don yana da abin kwancewa ba. Ɗanboko, ɗan ƙanen Alhaji, na gefe yana latsa waya.)

ALHAJI: Oga, ka ji ta ko? Wata uku ke nan. Da na tsaya sai ta kama rawar ɗari, wani lokacin ma ta mutu. In na taka totur kuma sai ta ware kamar ba ita ba. An canza fulogi, an wanke nozul, an canza famfon mai. Aljihuna ya rame, ita ko rawarta take.

OGA: Subhanallahi! Wane maras imanin ne ya sa ka canza duk waɗannan?

ALHAJI: Kai ne.

OGA: (Ya yi tari.) To, wancan lalube ne cikin duhu, ranka ya daɗe. Yau da ilimi za mu yi aiki.

ƊANBOKO: Baffa, ai na gaya maka tun a gida. Na jona mata kwamfuta, ta ba ni P0171.

ALHAJI: Lambar wa ke nan? Ka kira shi mana.

ƊANBOKO: Ba lambar mutum ba ce. Tana nufin iska ta yi wa fetur yawa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, in aka auna da nauyi. Akwai wata sansa a bayan filtar iska, ita ke ƙirga iskar da ta shiga, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta saki fetur daidai gwargwado. In akwai huda tsakanin sansar nan da inji, iska za ta shigo ta ɓarauniyar hanya, ba a ƙirga da ita ba.

ALHAJI: Iskar ma yanzu sata take yi?

OGA: Shi ya sa take maka rawa in kana tsaye. A lokacin totur a rufe yake, inji na zuƙa da ƙarfi, iskar halal kaɗan ce, sai ta haram ta yi tasiri. In ka taka, iska ta kwararo, ɓarauniyar ta ɓace cikin taro.

ALHAJI: To ni ban taɓa ganin ko ɗigo a ƙarƙashinta ba.

OGA: Wannan yoyon ciki yake yi, ba waje ba. Ido kuma ba ya ganin iska. Sai mun sa mata riga tukuna. Rigar kuwa hayaƙi ce.

GAJERE: Oga, me zai hana mu yi irin ta da? Mu fesa fetur a kan inji yana aiki, inda sautinsa ya canza, nan ne hudar.

OGA: Gajere, zo nan. Dubi girata ta hagu.

GAJERE: Babu ita, Oga.

OGA: To irin ta da ɗin ce ta tafi da ita. Je ka kawo min gwangwanin fenti mai murfi.

(Gajere ya dawo da bokitin roba. Oga ya dube shi irin kallon da ba ya buƙatar fassara. Ya koma ya kawo na ƙarfe.)

OGA: Huda huɗu za mu yi. Biyu na noti, su ne za su shigo da wuta, kuma kowanne sai an sa masa wasar roba kada ya taɓa jikin gwangwani. Ta uku mu sa bawul ɗin taya, iska ta shiga ta nan. Ta huɗu a murfi, tiyon hayaƙi ke nan. A ciki kuma lagwani na zaren gilashi, wanda ba ya cin wuta, mu naɗe shi da wayar hita. Gindinsa cikin mai, kansa a sama. Lagwani ya tsotso mai, waya ta yi zafi, mai ya zama hayaƙi.

GAJERE: Wato aci-bal-bal ce ta je makaranta.

ƊANBOKO: Sunan wayar nikurom.

OGA: Mu dai hita muka san ta. Gajere, mai.

GAJERE: Ga baƙin mai da muka juye jiya.

OGA: Wannan ai sai mu kashe Alhaji kafin mu gyara motarsa. Wari, toka, datti. Farin mai ake sawa, irin wanda ake shafa wa jarirai. Duba aljihun rigata.

ALHAJI: Ina ka samo man jarirai?

OGA: Ranka ya daɗe, kowace sana'a da sirrinta.

ƊANBOKO: Ku tsaya in yi lissafi. Batir bolt 12 ne. In wayar ta kai om 2, za ta ja amfiya 6, wato wat 72. Ya isa. A sa fiyus mai amfiya 10 a kan wayar ja.

GAJERE: Na ma rage tsawon wayar, Oga. Na yanke rabi, mu ajiye na gaba.

ALHAJI: Allah ya yi maka albarka, yaro. Wannan zai yi arziki.

(Oga ya ɗora waya a kan batir. Fiyus ya ce ɗas.)

ƊANBOKO: Ai ga shi nan. In ka gajarta waya, wutar da za ta ja ƙaruwa take yi, ba raguwa ba. Rabin tsawo, ninkin amfiya. Daga 6 ta koma 12, fiyus kuwa na 10 ne.

ALHAJI: Fiyus ɗin nan daga ina aka ciro shi?

GAJERE: Daga motarka.

ALHAJI: Na janye albarkar.

(An sake naɗa waya mai cikakken tsawo. Wannan karon lagwani ya fara tsuwa, ƙamshi ya tashi. Oga ya danne murfi, ya sa Gajere ya kama famfon keke. Hayaƙi ya fito ta gefen murfi, ya fito ta gindin noti, ya fito ta bawul. Ta bakin tiyo ne kawai bai fito ba.)

ALHAJI: Oga, tambaya gare ni. Wannan abin, aikinsa mene ne?

OGA: Gano yoyo.

ALHAJI: To ai ya gano. Nasa.

OGA: Ka ga ke nan yana aiki! Likitan ƙwarai da kansa yake fara gwajin magani. Gajere, ruwan sabulu.

(Aka shafe gwangwani da ruwan sabulu, duk inda ya yi kumfa aka ɗaure ko aka liƙe. A gaskiya nan ne kaɗai aka yi aikin hankali tun safe, kuma ba wanda ya yaba.)

OGA: Yanzu a kashe mota, a bar inji ya huce. Ba a wannan gwaji inji na aiki, zuƙe hayaƙin zai yi ya ƙone shi. Gajere, cire babban tiyon iska daga jikin sansa, kada mai ya ɓata ta. Ka rufe bakinsa da safar hannu ta roba, ka ɗaure. Ni kuma zan zare tiyon da ya tashi daga manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska, zuwa bustar birki, mu shigar da hayaƙi ta nan.

ƊANBOKO: A intanet an ce yawanci gaskit ɗin manifol ne. Baffa, ka shirya, sai an sauke rabin inji.

ALHAJI: Bakinka ya sari ɗanyen kashi.

OGA: Gajere, a hankali. Kamar kana hura wa yaro ido.

(Oga ya sunkuya cikin bonet da tocila. Gajere ya buga famfo sau biyar, ya gaji, ya waiga ya ga kwamfuresa. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Murfin gwangwani ya bugi rufin kwano, safar hannu ta tashi sama kamar an harbo ta, Alhaji kuwa sai ga shi a bayan tarin tsofaffin tayoyi, hula a hannu.)

ALHAJI: Inna lillahi! An kawo hari?

GAJERE: Na ga famfon na ɓata mana lokaci ne, Oga.

OGA: Kai, Gajere, iska nawa ake ba taya?

GAJERE: Talatin da biyu, talatin da biyar.

OGA: Kwamfuresa fa?

GAJERE: Ta wuce ɗari.

OGA: To wannan aikin, ɗaya tak yake so. Ɗaya! In ta ɓangaren tankin fetur ne ma, ko ɗayan ba a kaiwa. Mu hudar da ke akwai muke nema, ba sabuwa za mu yi ba. Da murfin nan bai tashi ba, da wani sil ne a cikin inji ya tashi, Alhaji ya zo da yoyo ɗaya ya koma da uku.

ALHAJI: (Daga bayan tayoyi.) Ku ce in fito in an gama.

(Karo na uku. An ɗauko murfi, an miƙe shi da guduma, an samo wata safar. Gajere na danna famfo kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. Safar ta fara kumbura, yatsu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya cak tana lilo.)

ALHAJI: Oga, hannun nan me yake nufi? Biyar ɗin me yake nema? Ka gaya masa ban zo da kuɗi ba.

OGA: Alama ce iska ta cika ciki. Yi shiru, ranka ya daɗe. Ɗanboko, haska min gaskit ɗinka.

ƊANBOKO: (Ya leƙa, ya sake leƙawa.) Babu komai. Wataƙila intanet ɗin wata mota take nufi.

GAJERE: Oga! Ga shi nan! Ta ƙasa!

(Wani siririn hayaƙi, kamar zare, yana silalowa daga ƙarƙashin babban tiyon iska, daidai inda yake da lanƙwasa irin ta zugazugi. Oga ya juyo tiyon. Tsaga ce mai tsawon ɗan yatsa a cikin lanƙwasar, an naɗe ta da baƙin salatif, zafi ya sa ya saki.)

OGA: Ikon Allah. Daga sama lafiya lau, sai ka juyo shi. Amma wane gwanin ne ya naɗa wannan salatif?

ƊANBOKO: Baffa, wannan ba irin wanda ke cikin durowarka ba ne?

ALHAJI: Salatif ai duk kamarsu ɗaya.

GAJERE: Har da wanda aka ƙulla da zaren hula?

ALHAJI: To, ni ne! Bara na ga ɗan tsagewa, aka ce in sayi sabon tiyo, na ce a kan me? Ai ya riƙe wata tara.

OGA: Da ka faɗa min tun farko, da ba a taɓa fulogi da nozul da famfon mai ba.

ALHAJI: Da ka tambaye ni mana. Yanzu dai a sake naɗawa, a ƙara kauri. Kuma batun kuɗin aiki, ni ban ga abin da ka yi ba. Hayaƙi ne ya gano.

GAJERE: Oga, mu jona tiyon nan a aljihun Alhaji mu gani.

OGA: Kada ka wahalar da famfo. Wannan aljihun ko kwamfuresa ka sa masa, babu inda zai yi yoyo.

(Wayar Oga ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta canza.)

OGA: Na'am, Hajiya... Man wa? Na Jummai? A'a, wallahi ban... An yi mata wanka tana jira? To ki duba bayan gado... (Ya rufe bakin wayar da hannu.) Gajere, saura nawa a gwangwanin?

GAJERE: Ya ƙare, Oga. Amma ga baƙin man jiya.