A bar yaro ya tambayi ƙasa da kansa

Na daɗe ina koyar da darasin noma a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, shi ke nan. Yaro zai jero maka ire-iren ƙasa ba gargada, amma ka damƙa masa jigawa da laka a hannu, sai ya yi zuru.

Bara na sauya salo. Na shiga aji da kwano ɗaya na waken da ƙwari suka fara hudawa, na zube a tebur, na ce, "Me ya ci waken nan, kuma yaya za a tsayar da shi?" Na ja bakina na yi shiru. Wata yarinya ta ce, "Malam, kakata toka take zubawa." Wani ya ce barkono. Wani da mahaifinsa ke harkar hatsi a Dawanau ya ce su buhu mai leda biyu a ciki suke ɗaurewa. Gardama ta kaure, ni kuwa abin da nake nema ke nan. Muka raba waken a gorunan roba huɗu: na toka, na barkono, ɗaya muka cika taf muka toshe ruf, ɗaya muka bar shi haka. Bayan mako shida suka zazzage, suka ƙirga huji ƙwaya bayan ƙwaya. Su da bakinsu suka ce ƙwaron da ke gorar da aka toshe rashin iska ne ya kashe shi. Wallahi har yau ba wanda ya manta wannan darasin a cikinsu.

Me ya sa na damu haka? Ku tuna 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, kwando ya gagari talaka a kasuwar 'Yankaba. A shekarar ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar nan mai cin masara a Najeriya. Littafin da muke koyarwa da shi bai san da zamansu ba. Gona kullum da sabuwar tambaya take zuwa, wanda hadda kawai ya iya kuwa ba shi da abin cewa. Masu bincike a reshen Kano na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero ma da tambaya da gwaji suke aiki. Don me za mu hana yaranmu somawa tun yanzu?

Na san abokan aikina za su ce aji ya cika maƙil, ba fili, ga manhaja, ga WAEC na tafe. Gaskiya ne, kuma hanyar nan tana cin lokaci. Amma gwangwanin madara da tsohon buhun siminti ba sa neman fili.

Wannan zangon mun shuka masara a gwangwanaye, wasu da takin gargajiya, wasu da yuriya, wasu ba komai, muna neman dalilin da ganye ke yin rawaya. Iyaye, don Allah idan yaro ya shigo gida da gwangwanin ƙasa, kada a zubar masa. A ba shi gefen rariya inda rana ke samu, a kuma tambaye shi abin da ya gani yau.