Jihar da ba ta taɓa albashinka tana karɓar kasonta ta wata ƙofa

Duk lokacin da aka tada zancen inda ya fi dacewa baƙo ya zauna a Amurka, sai ka ji an ce a nufi Teksas ko Fulorida, domin a can gwamnatin jiha ba ta cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Maganar gaskiya ce, amma rabinta ake faɗa, kuma a ganina wanda ta fi ruɗa shi ne mai ƙaramin ƙarfi.

Harajin gwamnatin tarayya yana bin mutum duk jihar da ya je, daga kashi 10 zuwa kashi 37 cikin ɗari gwargwadon samunsa, ban da kashi 7.65 da ake cire wa ma'aikaci domin fansho da inshorar lafiyar tsufa. Kason jiha ne yake bambanta. Jihohi tara ne ba sa karɓarsa a kan albashi: Alaska, Fulorida, Nevada, New Hampshire, Dakota ta Kudu, Tennessee, Teksas, Washington da Wyoming. To amma kowacce daga cikinsu tana biyan malamai da 'yan sanda, tana kuma gyara hanyoyi, saboda haka tambayar da ta dace ita ce daga aljihun wa kuɗin suke fitowa.

Wasu sun samu wanda zai ɗauke musu nauyin. Alaska ta soke harajin a 1980 bayan da kuɗin man fetur suka fara shigowa, kuma tun 1982 take raba wa mazaunanta wani abu duk shekara daga ribar asusun da ta kafa. Wyoming tana da kwal da iskar gas, Nevada kuwa tana tatsar baƙin da suke tururuwa gidajen cacar Las Vegas.

Teksas ce ta fi damuna, domin ita 'yan Najeriya suka fi yi wa cincirindo, musamman birnin Houston. Tana da mai, amma babban abin da take dogaro da shi harajin sayayya ne, kashi 6.25 na jiha, wanda yake kaiwa 8.25 idan birane suka ɗora nasu. Makarantu da ƙananan hukumomi kuma da harajin gidaje ake tafiyar da su, wanda a unguwanni da dama na kewayen Houston yake kai kashi 2 na darajar gidan a kowace shekara, har ya zarce. A kan wannan ƙima, gidan dala 300,000 zai ci dala 6,000 kafin a yi wa mai shi rangwame, ko yana da aiki a shekarar ko ba shi da shi. Ɗan haya ma kada ya ɗauka ya tsira, domin mai gida ya riga ya zuba masa kasonsa a cikin kuɗin haya. A Kalifoniya da ake ta zagi kan yawan haraji, dokar da aka amince da ita a 1978 ta ƙayyade ainihin harajin gida a kashi 1. A Tennessee kuwa har kayan abincin da za ka dafa a gida ana ɗora musu haraji.

Nan ne rashin adalcin yake. Direban da yake kashe kusan duk abin da ya samu a wata, harajin sayayya yana cin babban yanki na samunsa, alhali attajirin da yake ajiye mafi yawan nasa bai ma san ana yi ba. Harajin albashi kuwa hawa-hawa ne: a Kalifoniya daga kashi 1 yake farawa, sai wanda samunsa ya haura dala miliyan ɗaya a shekara ne yake taɓa kashi 13.3. Ba abin mamaki ba ne da Elon Musk ya koma Teksas a 2020, domin a wurin irinsa bambancin miliyoyi ne. Abin mamakin shi ne mai gadi ya ɗauki lissafin Musk ya ce nasa ne, alhali mafi ƙarancin albashi a Teksas yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, na Kalifoniya kuwa ya kai dala 16 a 2024.

Akwai kuma batun asibiti. Teksas, Fulorida, Tennessee da Wyoming ba su faɗaɗa shirin Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba, kuma Teksas ce kan gaba a yawan kason jama'ar da ba su da inshorar lafiya. Sai dai ba zan ɗora laifin kacokan a kan haraji ba, tunda Washington ma ba ta karɓar harajin albashi, amma ta faɗaɗa shirin, kuma mafi ƙarancin albashinta yana cikin mafi tsoka a ƙasar.

Masu kare tsarin sukan kafa hujja da ƙaurar jama'a, kuma suna da ita: bayan ƙidayar 2020 Teksas ta ƙaru da kujeru 2 a majalisar wakilan tarayya, wadda ake raba kujerunta bisa yawan jama'a, Fulorida da 1, Kalifoniya da New York kowacce ta rasa 1. Ni dai na fi yarda cewa tsadar muhalli ce take korar yawancin mutane, domin gida a Houston bai kai rabin kuɗin irinsa a Los Angeles ba. Wanda ya zaɓi Fulorida kuma zai tarar da inshorar gida mai ɗan karen tsada saboda guguwa, wadda takan lashe abin da ya yi zaton ya tsira da shi.

Masu wayo sukan zauna a garin Vancouver na jihar Washington, su tsallaka kogin Columbia su yi sayayya a Portland ta jihar Oregon, inda babu harajin sayayya. Dabarar tana ci ne kawai idan wurin aikin mutum yana ɓangaren Washington, domin duk wanda yake tsallakawa ya yi aiki a Portland, Oregon tana cire kasonta daga albashinsa ko da ba a can yake kwana ba.