An biya lasisi 12, an kawo lamba ɗaya

Tun jiya ake ta kirana a kan maganar ɗakin kwamfutar makarantarmu, wasu dattawa na cewa in bar zancen tunda mai gyaran ɗan gari ne. Ina girmama su, amma ba zan bari ba. Iyayen yara sun yi karo-karo da kuɗin riɗi da zoɓon da suka sayar bayan kaka, kwamiti ya biya kuɗin lasisin Windows guda 12, sai mai gyaran ya ɗauko lambar kunna lasisi guda ɗaya ya zuba ta a kan kwamfutoci 12. Yau guda 11 suna nuna rubutun nan a kusurwar allo cewa ba a kunna Windows ba. Sunan wannan aiki ha'inci.

Ƙa'idar Microsoft a fili take: lasisi ɗaya na kwamfuta ɗaya ne. Wanda yake zuwa tare da na'ura daga kamfanin da ya ƙera ta, wato OEM, a manne yake da ita, ba a ɗauke shi a kai wata. Wanda mutum ya saya daban ana iya mayar da shi kan sabuwar kwamfuta, amma da sharaɗin a cire shi daga tsohuwar, domin ba a yarda ya yi aiki a wuri biyu lokaci guda ba. Makarantu da ma'aikatu kuma suna da tsarin sayen lasisi da yawa a dunƙule. Wanda ya yi shekaru yana wannan sana'a ya san duk wannan.

Masu cewa Microsoft ba ta rasa kuɗi ba, ku tuna ba kuɗinta aka ci ba, kuɗin manoman ƙauyenmu aka ci. Masu cewa haka kowa yake yi a birni, yawan masu tauye mudu bai taɓa halatta tauyewa ba. Wanda kuma ya ba da shawarar a sauko da manhajar fasa lasisi daga intanet, ya sani irin waɗannan manhajoji sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta a ɓoye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai hanyar halal da ba ta bukatar ko sisi. Ubuntu da Linux Mint, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta suke, lasisinsu ya yarda a sa su a kan ko kwamfuta nawa, kuma manhajar LibreOffice ta isa yaro ya koyi rubutu da lissafi. Da mai gyaran ya faɗa wa kwamiti gaskiya, da kuɗin nan ya tafi wajen batirin sola.

Sannan Windows 10 ya sa mana, alhali Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urorinmu ba su da TPM 2.0, wato sashen tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke bukata. Ga 'yan ajin ƙarshe da za su zauna jarrabawar JAMB a kan kwamfuta, wasunsu har yau hannunsu na rawa idan sun kama linzami. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kwamiti zai zauna, kuma ina roƙon kowane uba ya zo a karanta rasit ɗin a gabansa.