Kalambaina ta taɓa zama ƙasan teku

Duk wanda ya sayi buhun simintin Sakkwato, ƙasan tsohon teku ya saya. Dutsen farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, don yin simintin, ƙwanson halittun ruwa ne da suka taru suka daskare, lokacin da wani teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa. Masana sun sa shi a zamanin Faliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 da miliyan 56 da suka wuce.

Na faɗi haka a majalisa, wani dattijo ya ce, "Ɗana, wa ya ƙirga?" Wallahi tambayar ta yi mini daɗi, domin tana da amsa.

Dutse hawa-hawa yake kwanciya, na ƙasa ya girmi na sama. Kowane hawa kuma da irin halittun da suka rayu a zamaninsa, in suka ƙare ba sa dawowa. A Kalambaina akwai burbushin katantanwa, da bushiyar teku, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu ƙwanso da ake kira foraminifera, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake tantance su. Waɗannan ƙananan su ne manyan shaidu. Sai a kwatanta su da na wasu ƙasashe inda aka samu irinsu kusa da tokar aman wuta, wadda ake iya auna shekarunta a ɗakin bincike. Dutsen Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, da na Ewekoro a jihar Ogun, duk sa'o'in na Kalambaina ne, kuma duk ukun siminti ake yi da su. Can ƙasa, a duwatsun Dukamaje da suka girme shi, aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, don tunawa da garin Goronyo na jihar Sakkwato.

Abin da ke ci mini rai, yaranmu na haddace sunayen duwatsun Turai, ba su taɓa riƙe ƙwanson Kalambaina a tafin hannu ba. Ba na ƙin siminti, da shi muke gina gidaje. Ina dai roƙo a keɓe gefe ɗaya na dutsen a bar shi yadda yake, a kuma tanadi ɗaki a Sakkwato inda za a jera waɗannan burbushin, malaman sakandare su riƙa kai ɗalibai su gani, su taɓa.