Ranar da na kira malamata 'yar Ingila

Wata bakwai da zuwana garin Bangor na koma aji. Jarrabawar Turancin da ake nema kafin a ba ma'aikaciyar jinya izinin aiki tun ina Zariya na ci ta, amma sai ga ni a ɗakin marasa lafiya, tsohuwa tana yi mini magana ina bin bakinta da kallo. Wani lokaci lafazin ne ban saba da shi ba. Wani lokaci kuwa, sai daga baya na gane, ba Turancin take yi ba sam. Shi ya sa na shiga wani ajin yamma na baƙi, duk ranar Talata.

Malamarmu ba ta fara da nahawu. Taswira take shimfiɗawa a kan tebur, ta ɗauki gari ɗaya ko kogi ɗaya, mu yi awa biyu muna hira a kansa: abin da suke ci, aikin da kakanninsu suka yi, yadda suke furta kalmomi. Wata rana ta tambayi kowa yadda ake kiran mutanen ƙasar nan a harshensa. Da aka zo kaina na ce Turawan Ingila, na fassara mata, har na ƙara da cewa ai ku mutanen Ingila ku kuka mulke mu. Sai ta ajiye alƙalaminta. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce: "Ni ba 'yar Ingila ba ce, nan kuma ba Ingila ba ne."

Kunya ta fara kama ni, haushi ya biyo baya. Tun daga firamare har makarantar jinya da Turanci na yi karatu, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini Birtaniya ƙasashe huɗu ne a riga ɗaya: Ingila, Sikotland, Wales (inda Bangor take) da Ailan ta Arewa. Sikotland ta haɗe da Ingila a 1707, aka haɗo Ailan a 1801, mafi yawanta ya ɓalle a 1922. A 2014 ma sai da 'yan Sikotland suka kaɗa ƙuri'a kan ficewa, kashi 45 cikin ɗari suka ce a raba. Wales kuwa tun zamanin Sarki Henry na takwas aka narkar da ita cikin dokokin Ingila, shi ya sa babu alamarta ko ɗaya a tutar Birtaniya. Ƙannena sun kalli Ingila da Wales sun kara a gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ƙasa ɗaya take da ƙungiya biyu.

Bari in kwatanta muku wurin. Teku a gefe guda, duwatsu a ɗaya gefen, baƙaƙe, saboda a nan ake fasa dutsen da ake rufin gidaje da shi. Tumaki ko'ina a kan tudu, ba makiyayi, ba sanda, sai katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Yayyafi kuwa yakan kwana uku bai ɗauke ba. Kafin kowace kwana an rubuta ARAF da farin fenti a kan kwalta, wato a rage gudu. Na daɗe ina tsammanin sunan wani kamfani ne. Kowane allo na titi harshe biyu ne, nasu, wato Welsh, a sama, Turanci a ƙasa. Tafiya kaɗan a bas akwai Caernarfon, inda Sarki Edward na ɗaya ya fara gina ƙatuwar ganuwa a 1283 bayan ya ci ƙasar da yaƙi. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hotonta. Malamata ta ce ita duk lokacin da ta wuce wurin, abin da take gani daban ne.

Talatar da ta zagayo ta zo da wani ɗan katako mai igiya, an sassaƙa haruffa biyu a jiki, W da N, wato "Welsh Not", ban da Welsh. Ta ce a ƙarni na 19, yaron da aka ji ya yi harshen Welsh a wasu makarantu, wannan ake rataya masa a wuya. In ya ji wani ya yi, sai ya cire ya rataya masa. Wanda aka tashi makaranta yana wuyansa shi zai sha duka. Jikina ya yi sanyi. Na tuna monitarmu a sakandaren kwana da 'yar takardarta ta masu "banakula", da tarar da muke biya, da ciyawar da na yanka a rana saboda na ce wa ƙawata ta ara mini guga. Malamar ta ce galibi ba baƙi ne suke rataya katakon ba, malamai ne 'yan ƙasa, iyaye kuma suna so, don 'ya'yansu su samu aiki. Ni ma ba Bature ne ya sa ni yankan ciyawa ba.

Ra'ayina shi ne, yadda ake koya mana Turanci a wannan ajin ya fi yadda aka koya mana a gida nesa ba kusa ba. A nan an sauko da shi ƙasa. Harshen wasu mutane ne a wani tsibiri, da talakawansu da ƙauyawansu, kuma mutumin Liverpool da na Glasgow kowa da irin bakinsa, ba wanda ke jin kunyar nasa. Mu kuwa mun mai da shi ma'aunin hankali. Mutum ya yi tuntuɓen harshe sau ɗaya, a yanke bidiyon a zuba a Facebook a yi mako ana dariya. 'Yan kudu su yi mana ba'a kan p da f, mu kuma mu juya mu yi wa na ƙasa da mu. Marasa lafiyata ba wanda ya taɓa yi mini dariyar lafazi, in ba su ji ba sai su ce in maimaita.

Na san za a ce da Turancin nan nake cin abinci. Haka ne. Na san Najeriya da ɗaruruwan harsunanta tana buƙatar harshen da zai haɗa ta, na kuma san Hausa ba mutuwa take yi ba: BBC tana watsa shiri da ita tun 1957, ga finafinai, ga marubuta, har ma ita ce take haɗiye ƙananan harsuna a Bauchi da Filato. Duk na yarda. Amma ku duba. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh kusan 538,000 ne, ba su kai mutanen Zariya da Sabon Gari ba in an haɗa. Duk da haka suna da gidan talabijin nasu, S4C, tun 1982, bayan wani ɗan siyasarsu, Gwynfor Evans, ya ce zai ƙaurace wa abinci har mutuwa in ba a ba su ba. Gwamnatinsu ta sa wa kanta buri na masu jin harshen miliyan ɗaya kafin 2050. A asibiti, ma'aikacin da ke jin Welsh yana maƙala 'yar alama mai launin lemo, don tsohon da ciwon mantuwa ya ƙwace masa Turanci ya san wanda zai kira. Mu da muke miliyoyi, tsohuwa za ta dangwala yatsa a takardar asibiti ko ta banki ba ta san abin da ke ciki ba, a kuma yi mata tsawa don ta yi tambaya.

Ɗana shekararsa bakwai. Makarantun firamare na wannan yanki da Welsh suke koyarwa, cikin shekara guda ya kama shi. Ranar 1 ga Maris, ranar waliyyinsu Dauda, ya tafi da furen nan rawaya a ƙirjin rigarsa, ya dawo yana rera waƙarsu. Da daddare muka kira Inna. Ta ce, "Maigidana, ka wuni lafiya? Ina cefanena?" Yaro ya juyo ya kalle ni, ya amsa mata da Turanci. Inna ta ce, "Me ya ce?" Na fassara mata. Ta yi dariya, amma na san muryar mahaifiyata.

Ba Wales ce ta raba shi da Hausa ba. Tun a Zariya ni da babansa muke yi masa Turanci a gida don ya samu shiga makarantar kuɗi, muna jin daɗi in baƙi sun yaba. Yanzu daga magariba ba a Turanci a gidanmu, yana ta fushi, wani lokaci har da kuka. Inna ta ce in daina wahalar da yaro, in turo mata shi kawai, tsakar gida da 'ya'yan yayata za su gama aikin. Babban hutunsu sati shida ne, yana faɗowa tsakiyar damina. Tun jiya nake duba kuɗin jirgi, na mutum biyu.