Kasuwancinka ya girma, kai fa?

Akwai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo yana ba ni labarin yadda harkarsa ta buɗe, ma'aikata sun ƙaru, an kama reshe na biyu, oda na shigowa har ana rasa inda za a sa kai. Nakan taya shi murna har zuciyata, sannan in ce masa: yau in ciwo ya kwantar da kai mako biyu, wayarka a kashe, wa zai yanke hukunci a wurin nan? Yawanci sai ya yi shiru. Wani kuma ya ce Allah ya kiyaye. Amin, Allah ya kiyaye mu duka, amma tambayar tana nan daram.

Ni kaina kwanciya ce ta koya mini wannan tambayar. Mu 3 muka fara, cikin shekara 5 muka haura mutum 20. Ni ke sa hannu a kowace takarda, ni ke tsayar da farashi, ni ke sasanta rikici, duk makullan wurin a aljihuna suke. A lokacin ina ɗaukar hakan a matsayin ƙwazo. Sai jinya ta riƙe ni kwana 12. Da na dawo na tarar babban abokin cinikinmu ya koma wani wurin, dalili kuwa ɗan ragi ne ya nema aka rasa mai cewa to. Ma'aikata biyu sun yi sa-in-sa sun daina gaisawa, kowa yana jiran in dawo in raba su. Na kira babban yarona, mutumin da ya fi kowa sanin aikin, raina a ɓace, na ce me ya hana ka yanke hukunci? Ya sunkuyar da kai ya ce: "Yallaɓai, ai bara na taɓa yi, a gaban yara ka warware. Tun daga ranar na san matsayina."

Ban ma tuna ranar da yake faɗa ba, shi kuwa shekara guda yana riƙe da ita a ransa. Maganar nan ta hana ni barci, domin na gane cewa ni da hannuna na horar da mutanena su zama masu jira.

Abin da na yi imani da shi yanzu shi ne, kasuwanci yana saurin girma fiye da mai shi. Jari yana iya ninkawa cikin shekara ɗaya, hali kuwa ba ya sauyawa da irin wannan sauri. Halin da ya tayar da harkar tun tana jaririya, wato sa ido a kan komai da ƙin yarda da aikin kowa sai naka, shi ne yake shaƙe ta idan ta tasa. Wannan ba ya nufin mai harkar mugu ne ko mai girman kai. Aikin ne ya rikiɗe ya zama wani aiki dabam, shi kuma bai lura ba.

Ku yi wannan ɗan lissafin tare da ni. Idan kuna mutum 5, hulɗar da ke tsakanin kowane mutum biyu ta kama guda 10. In kun zama 10, ta koma 45. In kun kai 20, ta zama 190. A mutum 50 kuwa, 1,225. Ma'aikata sun ninka sau 10, amma ƙofofin da saɓani da rashin fahimta da tsegumi za su iya shigowa sun ninka fiye da sau 100. Kai ɗaya da kunnuwa biyu ba za ka tsare su ba, ko da ka daina barci.

Masana sun daɗe da ganin wannan. A 1972 wani malami a Amurka, Larry Greiner, ya wallafa nazari a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard inda ya kasa girman kamfani mataki 5, kowane mataki yana ƙarewa da rikicinsa. Rikicin farko kuwa na shugabanci ne: waɗanda suka kafa harkar da basira da zafin nama sai su tsinci kansu cikin aikin tafiyar da mutane, aikin da ba su nema ba, ba su kuma koya ba. In an tsallake wannan ta hanyar kafa tsari mai ƙarfi daga sama, sai na ƙasa su fara jin an ɗaure su. In an sakar musu mara, sai na sama ya ji ragama na kufce masa. Abin da ya fi kama ni a maganarsa shi ne, maganin da ya warkar da kai a matakin jiya shi ne yake zama ciwon gobe. Saboda haka babu ranar da za ka ce ka gama koyon shugabanci matuƙar harkar tana motsi.

Duk lokacin da na ji zuciyata tana raya mini cewa babu wanda ya kai ni sanin harkata, sai in tuna Henry Ford. Mutumin nan ya fitar da motarsa samfurin Model T a 1908, kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15. A farkon shekarun 1920 kusan rabin motocin da ake sayarwa a Amurka nasa ne. Wa zai gaya wa irin wannan mutum cewa ya yi kuskure? To, kasuwa ta sauya, mutane suka fara son launi da salo da sabon samfuri, shi kuwa ya kafe. Ɗansa Edsel yana riƙe da sunan shugaban kamfanin tun 1919, amma hukunci yana hannun uban. Ɗaya daga cikin gwanayensa, William Knudsen, ya bar shi a 1921, ya koma kamfanin motoci na General Motors, abokin hamayyar Ford, ya jagoranci Chevrolet, motar da ta sha gaban Ford a ciniki a 1927. A can General Motors ɗin, Alfred Sloan ya raba kamfani sassa-sassa, kowane sashe da shugabansa mai ikon yanke hukunci, cibiya kuma tana riƙe da lissafi da manufa. Da jikan Ford ya karɓi ragama a 1945 yana ɗan shekara 28, kamfanin yana tafka asara, sai da ya ɗauko ƙwararru daga waje, ciki har da waɗanda suka taso a tsarin abokin hamayyar, kafin aka farfaɗo. Basirar Ford ba ta ragu ba ko kaɗan. Mutanen da za su iya ce masa a'a ne ya rasa a kusa da shi.

Yanzu bari in zo kan kuskuren da na fi gani, wanda ni ma na yi. Idan mai harka ya gane yana bukatar manaja, sai ya ɗauki wanda ya fi kowa kawo ciniki ya ɗora shi a kan sauran, ya ce ai lada ce. Ranar Juma'a mutum yana gwanin sayarwa, ranar Litinin an ce ya shugabanci abokansa, babu wanda ya zaunar da shi ko na sa'a ɗaya ya nuna masa yadda ake gyara wa mutum kuskure ba tare da an ci masa fuska ba, ko yadda ake raba aiki, ko yadda ake sallamar wanda ya gaza. Tun 1969 wani marubuci, Laurence Peter, ya bayyana wannan: ana ta ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi kujerar da bai iya ba, a nan kuma yake maƙalewa. Ka yi asara biyu ke nan, ka rasa gwanin ciniki, ka samu manaja mai fargaba. Shi kuma bawan Allah yana ta shan zargi a kan abin da ba a koya masa ba. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi shi da niyya ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kake hasashen zai riƙe reshe baɗi, bana ya kamata ya fara yanke ƙananan hukunce-hukunce kana kallo. Abin da na koma yi bayan jinyata ke nan. Na rubuta wa kowane babba iyakarsa a takarda: daga nan zuwa nan kai ne mai magana, ba sai ka neme ni ba, abin da ya wuce haka mu zauna tare. Na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan sake warware hukuncin wani a gaban na ƙasa da shi ba. Sannan idan aka kawo mini matsala, kafin in buɗe baki sai in ce, kai me ka gani? Da farko shiru nake samu, don sun ɗauka tarko ne. Sai da muka yi watanni kafin su yarda da gaske nake.

Mafi wuya a ciki, kuma a nan ne mafi yawanmu muke ja da baya, shi ne kallon mutum zai yi kuskure da kuɗinka, ka san kuskure ne, ka kame bakinka saboda ƙarami ne kuma zai koya masa abin da nasiharka ba za ta koya masa ba. Ba ina cewa a zuba ido a ga harka za ta nutse ba. Akwai ramin da dole ka riƙo hannun mutum kafin ya faɗa. Amma tuntuɓe kam sai an bar shi ya yi. Ni ma da tuntuɓe na koya, bambancin kawai shi ne babu wanda ya tsaya a kaina yana ƙirga mini. A masana'antun Toyota, ma'aikacin da ke kan layin haɗa mota yana da ikon jan igiyar da za ta kira shugabansa, har ta kai ga tsayar da layin in matsalar ba ta warwaru ba. Dubi irin amanar da aka ba na can ƙasa. Mu kuwa manajanmu ba zai iya sauya ƙwan fitila ba sai ya bugo waya.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini: in na koya masa komai, gobe zai tafi ya buɗe nasa, ya kwashe mini abokan ciniki. Ba zan yi muku ƙarya ba, yana faruwa, ya faru da ni, kuma ya yi mini ciwo. Amma na lura waɗanda suka fi saurin tafiya su ne haziƙan da aka danne, waɗanda suka ga shekara 10 nan gaba ma a nan za su tsaya suna jiran sa hannu. Masu zama a wurin da ba a koyar da kowa komai kuwa, galibi waɗanda ba su da inda za su je ne. Amana kuma ba ta hana lissafi. Ka ba mutum iko, ka kuma kafa tsarin da kowa zai san ana duba littafi, naka ma ana dubawa.

Wani lokaci gaskiyar ta fi haka ɗaci: kujerar ce ta fi ƙarfinka a yanzu. Larry Page da Sergey Brin sun kafa Google a 1998, a 2001 aka kawo Eric Schmidt, wanda ya girme su ya kuma fi su gogewa, ya zama shugaban gudanarwa. Page bai koma kujerar ba sai 2011. Shekara 10 yana cikin kamfanin da shi ya kafa, wani yana jan ragama, shi yana kallo yana koyo. Ba kowa ne zai iya ɗauko irin wannan mutum ba, na sani. Amma kowa zai iya neman wanda ya riga shi bin hanyar, ya zauna gabansa ya buɗe masa cikinsa, ya kuma tambayi ma'aikatansa a keɓe abin da yake yi da ke wahalar da su, ya daure ya saurara har ƙarshe bai kare kansa ba. Ranar da na fara yin haka, wata ma'aikaciyarmu ta ce mini, "Yallaɓai, kana ba da umarni da safe ka sauya da yamma, mu kuma mu ake gani da laifi." Gaskiya ta faɗa.

Watannin baya na yi tafiya ta kwana 9. Sau ɗaya aka kira ni, shi ma gaisuwa ce. Da na dawo, babban yaron nan nawa ya ajiye mini takarda a kan tebur, ya jera hukunci 7 da ya yanke ba na nan, kowanne da dalilinsa. Guda 5 daidai da yadda zan yi. Ɗaya ya fi abin da zan yi. Ɗaya kuma ban yarda da shi ba har yau, ya ba wani tsohon abokin ciniki ƙarin wa'adin biyan bashi, ni da ba zan bayar ba. Na rufe ƙofa, mu biyu kawai, na gaya masa ra'ayina, shi ma ya gaya mini nasa, ya ce ya san mutumin, zai biya. Na bar hukuncin yadda ya yanke shi. Wa'adin zai cika ƙarshen watan nan.